Motar Kawu Ba Ta Hawa Tudu

Laraba, da hantsi

Aberewa, motar Kawu, ta ƙi zama a silo. Na murza makulli, ta tashi, ta yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi, kafin in kai ƙafa kan totur ta mutu. Na sake, ta sake. Da ta ga dama ta tsaya, sai ga hayaƙi baƙi ƙirin daga salansa, har matar da ke soya agada a bakin garejinmu ta rufe kaskonta ta ce in ji tsoron Allah.

Sama da shekara ashirin motar nan tana hannun Kawu Adomako, ba ta taɓa yi masa haka ba. Shi ya raɗa mata sunan, wai tsohuwa, tun kafin ta tsufa. Ba ta tashi lalacewa ba sai wannan watan.

Jiya aka yi zaman makoki na cikar mako a ƙofar gidansa a Tafo, kowa cikin ja da baƙi. Dattijo Kwarteng, shugaban danginmu na wajen uwa, ya miƙe ya sanar da rana: Juma'ar ƙarshen wata za a ɗauko Kawu daga ɗakin sanyi na asibiti a kai shi ƙauye, bayan tudun Mampong, Asabar a yi sauran. Na miƙe ni ma, na ce Kawu ya bar magana. Ba ni kaɗai na ji ta ba, rabin makanikan Magazin, unguwar garejinmu a Kumasi, sun ji, don duk lokacin da irin motocin ɗaukar gawar nan na haya suka wuce da jiniya sai ya ajiye sifana ya ce, "Ranar da za ku kai ni gida, kada wanda ya saka ni a wannan abin kamar ɓarawon da aka kamo. Aberewa ta kai ni, a hankali."

Dattijo ya ce, "To, Akwasi, kai ne ɗan ƙanwarsa, a hannunsa ka koyi aiki. Ka kawo motar."

Na ce babu damuwa. Afrakoma, 'yar Kawu, tana zaune cikin mata, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Alhamis, bayan azahar

Na cire fulogogi, duk sun yi baƙi da kunkunniya, alamar mai ya fi iska yawa. Na sa sababbi. Na canja matatar mai. Na saurari famfon mai, yana kukansa daidai. Na tayar, ta yi minti kaɗan kamar ta warke, sai ta koma gidan jiya.

Ni aikin giyar mota na sani, shi Kawu ya koya mini. Abin da zan kwance in gani da ido in taɓa da hannu, ba ya ba ni tsoro. Wannan kuwa ban san inda yake ɓoye ba.

Asabar, da yamma

Ban je gareji ba. Ban je ko'ina ba.

Lahadi, bayan an tashi daga coci

Na biya Tafo in gai da su. Na tarar da Afrakoma a tsakar gida tana jera kujerun da aka aro. Tun muna yara take ce mini "mijina", ni ina ce mata "uwargida sarautar mata", irin wasan ɗan mace da 'yar namiji. Yau ta dube ni daga takalmi zuwa kai, ta tsaya a kan baƙin man da ke farcena.

Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, magaji. Har an fara gyaran kaya?"

Na ce, "Afrakoma, don Allah."

"A'a, ai gaskiya ce. Ɗan 'yar'uwa ke gado, mu 'ya'ya 'yan kallo ne. Gyara abinka da kyau, magaji. Mu namu akwati ne, za mu saya, ba sai kun tuna mana ba. Ɗauka taku ce, tun da yanzu motar ta samu lokaci."

Ta ci gaba da jera kujeru. Na juya na fita ba tare da na shiga wajen mahaifiyarta ba.

Abin da ta faɗa mini a barandar asibiti ranar Talatar nan da aka kai shi ba zan rubuta shi ba. Na yau ma da na sani ban rubuta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba ni da bakin ramawa.

Litinin, tsakar rana

Na sauke girman kai na kira Bonsu mai gyaran wayoyin mota, wanda rumfarsa ke bayan tamu. Ya zo yana cin gyaɗa, ya ce in ja mu gani. A kan shimfiɗaɗɗen titi tana lallaɓawa. Da muka zo ɗan tudun nan na wajen masu sayar da taya, na taka totur, sai ta yi kamar an riƙe mata wuya, ta yi gaba ta yi baya, mai tura baro ya wuce mu yana dariya.

Bonsu ya ce, "Wannan ce za ta hau Mampong? Sai dai in Mampong ɗin zai sauko."

Muka dawo. Ya buɗe bonet, bai taɓa komai ba sai wani soket a jikin bututun da ya fito daga gidan matatar iska. Ya zare shi ya ce in tayar. Ta tashi, ta zauna, karkarwar ta ragu sosai.

Na ce, "Me ka yi mata?"

Ya ce, "Toshe mata kunne na yi, ta daina jin ƙarya. Ka ga wannan? Sansar iska ke nan. Akwai 'yar waya a ciki, ta fi gashin kanka siranta, da yake ma ba ka da shi. Ana zafafa ta, iskar da inji ke shaƙa tana hura ta tana hucewa, da haka take gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan iskar da ta shigo. Ita kuma ƙwaƙwalwa ta auno mai daidai. Kamar mai tuƙa tuwo ce, sai an gaya mata yawan ruwa take zuba gari. In mai gaya matan maƙaryaci ne, me za ka ci?"

Na ce gaya ko kunu.

"To yau kwana nawa kana shan kunu. Da na zare, ƙwaƙwalwar ta koma zubawa da ka. Bar ta haka, ɗan'uwa. Rabin tasin Kumasi haka suke yawo."

Na ce da kaya a baya fa? A kan tudu? Ga jerin motocin dangi a bayanmu suna shaƙar hayaƙi?

Ya tauna gyaɗarsa ya ce, "Da kaya kam ban yi maka alkawari ba."

Na ce to mayar da soket ɗin.

Talata, da safe

Talata ce. Na zauna a cikin motar ban tayar ba.

Laraba, da hantsi

Mun duba tiyon iska ko ya tsage, lafiyarsa lau. Mun duba wayoyin soket, babu wadda ɓera ya ci. Sannan muka kwance sansar, Bonsu ya ɗaga ta wajen haske, ya miƙo mini. Wani jan zare ne ya naɗe 'yar wayar, rabinsa ya ƙone ya manne.

Na buɗe gidan matatar iska. Ga jan ƙyalle nan a ciki, tsawon hannu, ya tattare a lungu, bakinsa duk ya zare. Ita kuma matatar ta yage a gefe, don Kawu bai yarda da sayen sabuwa ba, wankewa yake yi ya shanya ya mayar, wai masu sayarwa ɓarayi ne. Ta wannan yagewar zaren ya wuce.

Na san ƙyallen. Na tafi da shi wajen Inna Dufie, mahaifiyata, na same ta tana fere rogo.

Ta ce, "Ni na ɗaura. Biyu a madubi, ɗaya a hancinta."

Na ce, "Inna, hancin nan ta nan take shaƙar iska. Ta zuƙe shi."

"To a ina kake so in ɗaura? Kowa ya sa ja, ita a bar ta tsirara? Ita ma ai ta yi rashi, ɗan nan. Ta fi wasu daga cikinku zama da shi."

Ba da ni take ba, na sani. Amma na ji ta har cikin ƙashi. Ta ba ni dafaffiyar agada da miyar ganyen gwaza, na ci loma biyu na ture.

Laraba, da la'asar

Bonsu ya ce akwai feshi na musamman da ake wanke ta da shi, wanda ba ya barin maiƙo. Ya ce a fesa daga nesa, a bar ta ta bushe da kanta, kada a taɓa wayar da komai, ko da numfashi mai ƙarfi. Nasa ya ƙare, gobe zai samo.

Gobe ta yi mini nisa. Da ya tafi na ɗauko feshin da muke wanke kafireta, na fesa, zaren ya ƙi fita. Na sa tsinken ashana a hankali, a hankali ƙwarai. Na ga ya motsa. Na ce bari in ƙarasa da iskar kwamfaresa.

Yanzu babu zare, babu waya.

Alhamis, da safe

Bonsu ya zo da gwangwanin feshin a hannu, ya duba sansar, ya dube ni.

Ya ce, "Garin neman gira ke nan. Kai Akwasi, hannun da ya saba da guduma aka ce ya yi kitso?"

Na ce ya faɗi duk abin da yake so. Da ya ga fuskata sai ya daina. Ya ajiye gwangwanin a kan benci ya ce in riƙe, zai yi amfani a kan wadda za mu samo.

Asabar, da hantsi

Dattijo Kwarteng ya zo gareji da kansa, da zanensa a kafaɗa da kwalbar barasa a hannu. Labari ya kai masa, ban san ta bakin wa ba, ko da yake na sani. Ya zagaya motar, ya tsiyaya barasar a ƙasa wajen tayar gaba, ya kira sunayen waɗanda suka riga mu, ya roƙe su su saki hanya. Ya so ya zuba a kan injin ma, na riƙe masa hannu da ladabi na ce, "Kaka, ta sha isasshe."

Sai ya fito da waya ya nuna mini hoton wata mota fara, gilashi ta ko'ina, furanni na roba, fitilu a ka. Ya ce mai ita ɗan ƙauyenmu ne, yana jiran kalma ɗaya.

Na ce, "Kaka, ita ce fa wadda ya ce ba ya so."

Ya ce, "Na ji. Amma kai ka taɓa ganin an tsaya da mutum a tsakiyar tudu, dangi sun fito cikin zannuwansu suna turi? Ka san shekara nawa za a yi ana ba da labarin? Ba a fafe gora ranar tafiya, Akwasi. Larabar da Juma'ar za ta biyo, ni da kaina zan shiga motar nan mu hau Mampong. In ta yi tari ko sau ɗaya, na kira yaron can."

Na ce na yarda. Me zan ce?

Litinin, da yamma

Na sayi sabuwa a kwali, a shagon da ke kusa da gidan mai. Mai shagon ya rantse da kabarin uwarsa daga Jamus ta zo. Kwalin ya fi abin da ke ciki nauyi. Na ɗaura, ta tashi, ta zauna a silo tsaf.

Na sayi dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, da kifi, na cinye abinci duka karo na farko tun ranar Talatar nan.

Laraba, tsakar rana

Ta dawo da halinta. A silo lafiya, da na taka sai ta shaƙe. Bonsu ya sa mitarsa a kan wayar soket, ya ce in taka a hankali in ga allura. Maimakon ta hau sannu sannu yadda nake ƙara totur, sai ta yi tsalle, ta tsaya, ta faɗo.

Ya ce, "Wannan Jamus ɗin a bayan kasuwa take. Ka nemo ta hannu, wadda aka ciro daga irin motar, lamba ɗaya sak. Ba mai kama da ita ba, ita."

Na mayar wa mai shago. Ya ce kayan wuta ba a dawo da su. Ba ni da ƙarfin faɗa. Na bar masa a kan kanta na fito, yana kirana ban juya ba.

Alhamis, da safe

Na gaji. Bayana, idanuna, har tafin ƙafata.

Juma'a, bayan azahar

Na yi yawo layi layi. Kowa yana da ita sai ka nuna lamba. Ɗaya ta yi daidai har harafin ƙarshe, shi ne ya bambanta, mai ita ya ce harafi ɗaya me zai yi. Na ce ni ma da haka nake cewa.

A dawowa wani keke mai ƙafa uku ya tsaya a gabana yana cewa in hau. Na ce ya wuce. Ya nace. Na daka masa tsawar da ta sa mutane suka juyo, yaro bai yi mini komai ba. Ba na son ganinsu yanzu, shi ke nan. Ban san yadda aka lanƙwasa mutum mai tsawon Kawu a bayan wannan abin ba, daga Tafo har asibiti, a kan ramukan nan. Ban tambaya ba, kuma ba wanda ya gaya mini.

Ranar Talatar nan Techiman na tafi da Aberewa, wayata ta mutu a hanya. Techiman ba ta da nisa. Da na fita da wuri da na dawo da wuri. Da na hau motar haya na bar Aberewa a gida. Yanzu wayata kullum a cike take, ina sa ta caji ko ba ta buƙata, ba mai kira sai Dattijo.

Lahadi, da yamma

Na ga Afrakoma a coci, layi biyu a gabana. Ta rame. Da aka fito na nufo ta, ina so in ce mata wani abu a kan shirin Juma'a, ko me za a ɗauka, ko wa zai zauna a ina. Ta ce wa ta kusa da ita, da ƙarfi yadda zan ji, "Matsa, ga magaji zai wuce."

Na wuce.

Litinin, da la'asar

Na samu. Can ƙarshen Magazin, wajen masu yanka motoci, inda ruwan sama ya mai da hanya kunu. Wata irin Aberewa ce sak, ruwan toka, an yanke ta biyu, kaji suna kwana a inda kujeru suke da. Na goge lambar da yawu da babban yatsa, na karanta, na sake karantawa. Mai wurin ya ga yadda nake ta karantawa ya gane, ya tsuga kuɗi. Da ya ji ta wa ce, sai ya ce, "Adomako mai gyaran giya? Shi ya gyara mini motata ta farko, ya zage ni tas a kan kuloci." Ya rage da kansa.

Na fesa mata feshin Bonsu daga nesa, na ajiye ta a inuwa, na zauna a kan hannayena har ta bushe. Na sayi sabuwar matatar iska, Kawu ya yi haƙuri. Na ɗaura. Na tayar.

Ta fi da muni. Ta tashi ta mutu, ta tashi ta mutu. Na kifa kaina a kan sitiyari. Ban san iya lokacin da na yi a haka ba.

Talata, da safe

Bonsu ya leƙa, bai yi minti ɗaya ba ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Na ce in ya gama ya gaya mini. Ya nuna mini 'yar kibiya a jikin sansar, wadda ke nuna inda iska take bi. Kibiyar tana kallon waje.

Ya ce, "Ka sa mata hanci a ƙeya, maigida. Wallahi da tsohon yana nan da ka sha sifana a gadon baya."

Ya faɗa kafin ya tuna. Sannan ya juya ta da kansa, ya ɗaure tiyo, ya cire kan batir na ɗan lokaci don ƙwaƙwalwar ta manta ƙaryar da aka yi ta gaya mata, ya mayar.

Ta tashi da murzawa ɗaya. Silo shiru, sai ka sa hannu a kan bonet ka san tana aiki. Allurar mita tana hawa tare da ƙafata, tana sauka tare da ita. Hayaƙin ya yi baƙi na ɗan lokaci, ya koma toka, ya ɓace.

Ban yi murna ba. Na nemi murnar ban same ta ba, sai barci da nake ji.

Laraba, da yamma

Da safe muka kwantar da kujerun baya. Bonsu ya ce a gwada da nauyi, ya aro buhunan siminti wajen maƙwabcinsa. Ya ce, "Guda nawa?" Na kawar da kai. Ya dube ni, ya sa biyu, ya tsaya, ya ƙara ɗaya ya ce wannan na katako ne.

Dattijo ya zauna a gaba, ya riƙe hannun ƙofa tun kafin mu tashi. Duk hanya kunnensa yana kan injin, nawa ma haka. Da muka fara hawa, a kwanar farko inda manyan motoci ke numfarfashi, na taka, ta amsa. Kwana ta biyu ta amsa. Har sama ba ta yi tari ba.

Ya saki hannun ƙofar ya ce, "To. Za ta kai shi." Can kuma ya ce, "Amma furannin can suna da kyau."

Alhamis, da la'asar

Na wanke ta ciki da waje. Inna ta kawo jan ƙyalle, na nuna mata madubi biyu da eriya, na tsaya a gaban hancin har ta gama. Ta ce na cika rashin kunya.

Na ɗauko waya zan kira Afrakoma in ce mata an gama. Na ajiye.

Juma'a, gab da magariba, a ƙauye

Akwatin bai shiga ba.

Bari in rubuta yadda aka yi. Mun isa bayan asibiti da hantsi. Dangi sun cika wurin, mata suna waƙoƙinsu. Aka fito da shi. Ban taɓa ganin akwatin ba sai lokacin, don su suka saya, mu ba mu tambaya ba, su ba su faɗa ba. Katako ne mai kauri, ja mai duhu, da hannaye masu ruwan zinariya, ga wani tudu da aka yi masa a kai da ƙafa. 'Ya'yan Kawu ba su yi rowa ba. Muka tura, ya tafi, ya tafi, ya tokare da bayan kujerun gaba. Saura kamar taƙi ɗaya da rabi a waje, ƙofar baya ba za ta rufu ba. Na matsar da kujerun gaba iyakarsu, har yanzu da saura. Makonni ina fama da waya mai sirantar gashi, ban taɓa tunanin ɗaukar igiyar awo in buga waya ɗaya ba.

Wani ya ce a ɗaure ƙofar da igiya. Dattijo ya ce ba buhun gawayi ba ne, a kan tudu kuma? Ya fito da wayarsa ya ce, "Akwasi, ka yi iya yinka, kowa ya gani." Ya fara neman lamba. Na tsaya riƙe da gefen akwatin.

Sai na ji muryar Afrakoma a bayana. Ta ce, "Kaka, dakata." Ta zagayo, ta buɗe ƙofar gaba ta gefen fasinja, ta leƙa ƙasa. Ta ce, "Wannan kujerar da me aka ɗaure ta?"

Na ce da noti huɗu.

"To me kake jira? Ko ita ma kana tsoron a taɓa maka?"

Na ɗauko sifana. Biyun gaba suka fita. Na baya sun yi tsatsa, ga wuri matsattse, hannuna ya ƙi shiga. Ta tattare baƙin zanenta, ta durƙusa a kan kwalta a gaban kowa, ta ce, "Ba ni nan, hannunka kamar faranti." Ta riƙe ta ƙasa, ina juyawa ta sama. Kanmu ya kusa haɗuwa. Ba ta dube ni ba, ta ce a hankali, "Baba ya yi ta tambaya ko ka dawo." Ban san ko zargi ba ne ko kyauta. Notin ya saki.

Aka fitar da kujerar aka jingina da bangon asibiti. Aka tura akwatin ya shige har gaba, kansa dab da inda ake ajiye takardu, ƙofar baya ta rufu. Sai dai babu sauran wurin zaman kowa. Afrakoma ta kakkaɓe gwiwoyinta ta ce, "Ku tafi ku biyu. A hankali ya ce." Ta shiga motar da ke bayanmu.

Haka muka fito, ni da shi, kafaɗata tana gogar katako duk lokacin da na kai hannu kan giya. Tun ina ɗan shekara goma sha bakwai ban taɓa tuƙa shi ya bar ni na sauya giya cikin kwanciyar hankali ba. Ko na yi wuri, ko na makara, ko na ja kuloci kamar mai jan akuya. Muka wuce Tafo, muka wuce gonaki, na sauya, na sauya, duk daidai. Da muka fara hawan tudun, sai na bar ta a giya ta biyu da gangan. Inji ya yi ta kuka, ya wuce inda kowane ɗan koyo zai sauya, na ƙi sauyawa. Na jira. Na saki kuloci da garaje har motar ta zabura. Na sake jira.

Babu wanda ya ce mini komai.

Kawuna ya mutu. A saman tudun na tsaya a tsakiyar hanya na yi kukan da ban yi ba tun ranar Talatar nan, hannuna ɗaya a kan akwatin, motocin dangi jere a bayana har kwana, kuma ba wanda ya danna ham.